Aron RAM daga kwamfutar maƙwabta: yaushe kwalliya take biyan kuɗin sabulu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni nake kula da kwamfutocin ɗakin bincike na sashenmu. Guda 8 ne a haɗe, kowacce da RAM, wato ma'ajiyar aiki mai sauri, gigabait 64, duka a kan Linux, kuma akwai wayar sadarwa ta InfiniBand mai gudun gigabit 56 a tsakaninsu, na hannu muka samu. Akwai wata ɗaliba da take harhaɗa jerin ƙwayoyin gadon dawa, aikin nata yana cin kusan gigabait 90. In na bar shi haka, Linux ya kashe shi. In na buɗe masa suwaf, wato wurin zuba abin da RAM ya kasa ɗauka, a kan faifai, sai ya kwana 3 bai kai ko'ina ba. Abin da yake ba ni takaici shi ne, a daidai wannan lokacin kwamfutoci 5 suna zaune, RAM ɗinsu fayau. Shin babu yadda wadda ta cika za ta ari RAM ɗin 'yan'uwanta ta waya, maimakon ta riƙa zubawa a faifai? In kuwa akwai, me ya sa ban ga kowa yana yi ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi biyu ka dunƙule waje guda. Ta farko, ko kwamfutar da ta cika za ta iya ajiye rarar kayanta a RAM ɗin wata ta hanyar waya. Ta biyu, me ya hana abin zama ruwan dare, alhali a ido kamar banza ce ta faɗi. Amsar ta farkon gajeriya ce: ana iya yi, an fi shekara 30 ana yi, kuma irin wayar da ke tsakanin kwamfutocinku ita ce aka fi gwada abin a kanta. Ta biyun ce za ta ɗan zaunar da mu, domin a cikinta za ka gane ko aikin ɗalibar taku yana cikin masu cin ribar wannan aro ko masu faɗuwa.

Abin da ke faruwa in RAM ya cika

Manhaja ba ta ganin RAM na zahiri. Linux yana shimfiɗa mata wani fili mai faɗi kamar ita kaɗai ce a gidan, ya yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kilobait 4 a irin kwamfutocinku. Gunduwar ita ce shafi. Akwai jadawalin da ke faɗin inda kowane shafi yake, wannan yana RAM a wuri kaza, wancan an fitar da shi waje. Dabarar ta tsufa, kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchesta a Ingila ce ta fara aiki da ita a 1962. In manhaja ta miƙa hannu ga shafin da ba ya nan, firosesa, ƙwaƙwalwar da take yin lissafin, sai ta tsaya cak ta kira kanel, wato zuciyar Linux mai rabon kayan aiki. Wannan tsayawar zan riƙa ce mata tuntuɓe. Kanel ya je ya nemo shafin, in babu wurin ajiye shi ya kori wani da aka daɗe ba a taɓa ba, ya gyara jadawali, ya ce wa manhaja ta ci gaba. Ita dai ba ta san an yi ba, agogo ne kawai ya yi gaba.

A 1968 Peter Denning ya fito da bayanin da har yau a kansa ake tafiya. Kowace manhaja, a kowane ɗan lokaci, tana da wasu shafuka da take jujjuyawa a cikinsu, mu kira su kayan hannu. Muddin kayan hannun sun shiga RAM, sauran ko a ina aka jibge su babu damuwa sosai. Da zarar sun fi ƙarfin RAM, sai a shiga kai gwauro kai mari: shafin da aka kora yanzu shi za a nema nan da ƙiftawar ido, a dawo da shi a kori wani, shi ma a neme shi. Kwana ukun da ka ce aikin ya yi bai motsa ba, wannan ne. Firosesa tana zaune tana hamma, faifai yana ta gurnani.

Don ka ga girman tazarar, ka ɗauki ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Ɗauko abu daga RAM yana cin kamar nanosakan 100 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan, mikirosakan cikin miliyan, nanosakan cikin biliyan). Mu ce wannan shi ne ya miƙa hannu kan kanta ya zaro turmin atamfa, sakan 1. Faifai mai juyawa yana cin kamar milisakan 8 kafin allurarsa ta kai wurin, shi kuma ya juyo da abin da ake nema. A ma'aunin ɗan kasuwar, sakan 80,000 ke nan, awa 22, kamar a tura mota Legas ta kawo turmi ɗaya mai saye yana tsaye. SSD, wato faifan zamani marar juyawa, irin mai saurin nan na NVMe yana cin kamar mikirosakan 100, wato minti 17, a aiki yaro sito a bayan kasuwa. Ɗauko shafi ɗaya daga RAM ɗin wata kwamfutar ta InfiniBand kuwa mikirosakan 4 zuwa 5 ne, bai cika minti ɗaya ba a ma'aunin. Yaro ne ya leƙa shagon maƙwabci ya karɓo, abin da 'yan kasuwa suke yi kullum ba tare da mai saye ya lura ba.

Sirrin saurin shi ne abin da ake kira RDMA. Katin sadarwa na kwamfutarka yana karanta RAM ɗin waccan, ko ya rubuta a ciki, kai tsaye, firosesar waccan ba ta ma san an shigo ba. Sharaɗinsa kawai a riga a keɓe yankin RAM ɗin, a yi masa rajista da katin, a kafe shi yadda ba za a motsa shi ba. Gudun wayar ma yana da muhimmanci. Shafi ɗaya bit 32,768 ne. A wayar Ethernet mai gigabit 1, wucewarsa kaɗai mikirosakan 33 ce, kafin a ƙara ɗawainiyar TCP, ƙa'idar aika bayanai ta yau da kullum, a ɓangarorin biyu, sai ka tarar ba ka fi NVMe da komai ba. Duk mai irin wannan wayar ya hutar da kansa. A taku mai gigabit 56, wucewar ba ta kai mikirosakan 1 ba.

Tsohon tunani ne

Tun a 1990 Douglas Comer da James Griffioen suka rubuta tsarin keɓe wasu kwamfutoci su zama rumbun RAM ga sauran. A 1995 Michael Feeley da abokan aikinsa a Jami'ar Washinton suka gina GMS a kan kwamfutocin DEC Alpha da wayar ATM mai megabit 155, inda garken gaba ɗaya yake lura da shafin da ya fi kowane daɗewa ba a taɓa ba, ko a wace kwamfuta yake, shi ake fara kora. Shekara guda bayan haka Markatos da Dramitinos, a tsibirin Kirit na Girka, suka mai da hankali kan abin da zai faru in mai ba da aron ta mutu, maganar da za mu dawo kanta. Tia Newhall ta Kwalejin Swarthmore ta fitar da Nswap na Linux a 2003, sannan a 2005 ɗakin binciken D. K. Panda na Jami'ar Jihar Ohayo ya gwada suwaf ta kan InfiniBand.

Wanda ya farfaɗo da zancen a wannan zamanin shi ne Infiniswap, daga Jami'ar Mishigan a 2017. Sun gwada shi a kwamfutoci 32 da InfiniBand mai gigabit 56, irin naku sak. Yana bayyana ga Linux kamar faifan suwaf na yau da kullum, amma a ƙarƙashi yana yanka wurin gigabait ɗaiɗai yana rarraba wa kwamfutocin da ke da rara. Babu shugaba mai rabo. In ana neman wuri sai a zaɓi kwamfutoci biyu da ka, a duba wadda ta fi sarari a ba ta. Sun ba da rahoton cewa manhajoji irin su VoltDB da Memcached da PowerGraph sun yi aiki ninki 4 zuwa 15 na abin da suke yi in faifai ne suwaf ɗinsu. Ka lura da abin da aka kwatanta da shi: faifai. Ba a ce sun kamo gudun da suke yi in RAM ya wadace su ba.

Waya ta yi sauri, kanel ya zama cikas

A nan gizo yake saƙar. Hanyar suwaf ta Linux an gina ta ne da faifai mai juyawa a zuciya. In abin da kake jira milisakan 8 ne, ba ka damu da kanel ya ɓata mikirosakan 30 yana jera buƙatu a layi, yana haɗa masu maƙwabtaka, yana tsara wanda zai riga wani ba. Wannan tsarawar ma riba ce, tana rage wa allura yawo. Amma in tafiyar kanta mikirosakan 4 ce, sai ya zama cika takardun aike ya ninka aiken sau da yawa. Masu binciken Mishigan ɗin da kansu sun auna a aikinsu na Leap a 2020, suka ga shafin da waya take kawowa a mikirosakan 4 da 'yan kai yana cin kusan 40 kafin ya isa hannun manhaja. A shekarar ne kuma Fastswap na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya kauce wa layin faifai gaba ɗaya, ya bi ta wata ƙofar gefe ta kanel mai suna frontswap.

Sai batun hasashe. In an yi tuntuɓe a shafi ɗaya, Linux yakan kwaso har da maƙwabtansa, shafuka 8 a tsarinsa na asali, bisa zaton za a neme su. Ga manhajar da take karanta bayanai a jere wannan alheri ne, kusan ba ta jin nisan. Ga mai tsalle-tsalle kuwa, bakwai daga cikin takwas ɗin shara ce da ta cike waya ta kuma kori shafuka masu amfani. Leap ya yi ƙoƙarin gyara wannan ta hanyar duba tazarar da ta fi yawa tsakanin tuntuɓen baya-bayan nan, in akwai salo ya bi shi, in babu ya rage kwasowa. A Linux na yau da kullum abin da ke hannunka shi ne vm.page-cluster: 3 yana nufin shafi 8, 0 yana nufin shafi ɗaya tak.

Yanzu mu yi lissafi. In tuntuɓe ɗaya yana cin mikirosakan 10, wato ka gyara komai ya yi kyau, to tuntuɓe 1 a cikin kowace taɓawa 100 ya isa ya ninka lokacin jiran RAM sau biyu. In 40 yake ci, 1 cikin 400. A NVMe, 1 cikin 1,000. A faifai mai juyawa, 1 cikin 80,000. Aron RAM ya faɗaɗa maka ƙofa ƙwarai, amma ƙofar tana nan da iyakarta.

To ina aikin ɗalibarku ya faɗa? Ba ka faɗi sunan manhajar ba, amma yawancin masu harhaɗa gajerun jerin gado suna yanka su ƙananan guntaye ne, su zuba a wani ƙaton tebur da aka tsara shi don ya warwatsa bayanai ko'ina daidai wa daida. Warwatsawar ita ce amfanin teburin, ita ce kuma masifarsa a nan: babu ɓangare mai zafi da mai sanyi, duk teburin kayan hannu ne. In gigabait 90 ne, 60 suna gida 30 suna waje, kusan kashi ɗaya cikin uku na taɓawa tuntuɓe ne. Kashi ɗaya cikin uku na mikirosakan 10 ya haura mikirosakan 3, a maimakon 0.1. Ninki 30 ke nan a wannan matakin. Ya fi faifai nesa ba kusa ba, aikin da ba ya ƙarewa zai iya ƙarewa, amma kada ka yi wa ɗalibar alkawarin gobe da safe.

Akwai dai abin da zai iya cetonku. Irin waɗannan manhajoji mataki-mataki suke aiki, kuma sau da yawa gigabait 90 ɗin ƙololuwa ce ta wani ɗan lokaci, ko kuma wani ɓangare nasa kaya ne da aka loda a farko aka manta da su sai ƙarshe. In haka ne, kayan hannun na gaskiya ba su kai 64 ba, aron zai yi muku kyau sosai. Daga nan inda nake ba zan iya raba muku gardama ba. Awo ne zai raba.

Ga awon da nake yi kafin in taɓa waya ko ɗaya. Ka sa ɗalibar ta rage bayanan yadda aikin zai ci kamar gigabait 40. Ka gudanar da shi a sake, ka rubuta lokacin da ya ci. Sai ka yanki gigabait 16 na RAM ɗin kwamfutar nan da kanta ka mai da shi faifan ƙarya da brd, ka kunna suwaf a kansa, ka ɗaure aikin da cgroup kada ya wuce gigabait 28, wato kusan rabon 64 da 90. Ka sake gudanarwa kana kallon si da so a vmstat, wato yawan abin da ake dawowa da shi daga suwaf da wanda ake kaiwa, da kuma /proc/pressure/memory, wanda yake faɗa maka kason lokacin da aikin ya ɓata yana jiran RAM. Wannan gwajin aro ne daga maƙwabcin da ke cikin ɗakinka, babu waya babu nisa. Duk abin da ka samu a nan, na gaskiyar ba zai fi shi ba. In lokacin ya ƙaru da rabi ko ya ninka sau biyu, ci gaba. In ya ninka sau 20, ka tsira da mako biyun da za ka ɓata.

Ranar da maƙwabci ya rufe shago

Faifai, duk nawarsa, yana da amana. Abin da ka ba shi yana nan. RAM ɗin wata kwamfutar kuwa yana tafiya da ita duk inda ta tafi.

A wani wurin da na yi aiki na taɓa haɗa irin wannan aron don wani lissafi mai tsawo. Kwana biyu yana tafiya lafiya lau, har na fara yabon kaina. Ranar ta uku da hantsi wani abokin aiki ya duba jerin ayyuka, ya ga ɗaya daga cikin kwamfutocin babu komai a kanta, firosesarta a sifili. Gaskiyarsa ne, babu abin da zai nuna masa cewa akwai amanar wani a cikinta. Ya sabunta mata manhaja ya sake kunna ta. Ina zaune sai na ga tagar da nake aiki a kwamfutar mai aron ta daskare, ko harafi ba ya shiga. Ta yi minti 10 tana neman maƙwabciyarta, wanda shi ne wa'adin asali na irin wannan haɗin, sannan kanel ya haƙura ya fara rubuta cewa ya kasa karanto shafi daga suwaf, ya kashe aikin. Bai tsaya nan ba, don wasu shafukan manhajojin tsarin su ma can aka kai su, sai da muka kashe ta da maɓalli. Laifin nawa ne, ban manna ko takarda a jikinta ba.

Daga baya na gane ma mun yi sa'a. Da na saita waccan ta riƙa buɗe faifan ƙaryarta da kanta duk lokacin da ta tashi, da mai aron ta sake haɗuwa da ita cikin wa'adin, ta nemi shafukanta a miƙo mata sifili zalla, ta karɓa ta ci gaba da lissafi a kansu. Aikin da ya mutu kowa ya gani. Wanda ya ƙare da amsar banza kuwa sai ya shiga kundin digirin mutum. Kada ka taɓa barin faifan aro ya buɗe kansa bayan an sake kunna kwamfuta.

Masu bincike sun bi hanyoyi uku a kan wannan. Ko a rubuta kowane shafi a kwamfutoci biyu, wanda yake cin RAM ninki biyu. Ko a ajiye wani lissafin cike gurbi da za a iya sake gina abin da ya ɓata da shi, kamar yadda mutanen Kirit suka yi a 1996, wani tsari mai suna Hydra kuma ya sabunta a 2022. Ko a riƙa rubuta kwafi a faifan gida a bayan fage, ana karantawa daga nesa, wanda shi Infiniswap ya zaɓa. Ga ƙaramin garke irin naku na ukun ya fi dacewa.

Ka kuma duba wutarku. Aikin da a da rayuwarsa take rataye da kwamfuta ɗaya yanzu ta rataya da biyu ko uku, har da akwatin da wayoyin suke haɗuwa a ciki. In batirin ajiya yana riƙe da wasu ne kawai, wasu kuma sai janareta ya tashi, to ɗauke wuta na sakan 20 ya isa ya kashe aikin da a da zai tsallake. Mai aro da mai bayarwa da akwatin haɗin duka su zauna a kan batiri ɗaya.

Wasu ƙananan abubuwa biyu, a gurguje. Tura shafi ta waya yana buƙatar ɗan RAM, kai kuma don RAM ya ƙare kake turawa. A kan TCP wannan ya sha daskarar da kwamfutoci, sai a Linux 3.6 na 2012 aka shigar da gyaran Mel Gorman da ya keɓe wa hanyar ajiya ta musamman. Sannan shafin da aka kora yana iya ɗauke da kalmar sirri ko bayanan mutane, kuma tsirara yake bin waya ya zauna a kwamfutar wani.

Me ya sa ba ka ga ana yi ba

Wani ɓangare na amsar shi ne kayan binciken ba sa tsufa da kyau. An rubuta Infiniswap don kanel na wancan lokacin, Fastswap kuma sai ka yi wa Linux 4.11 faci, ƙofar frontswap ɗin da ya bi ma an cire ta daga Linux a 2023. Mai kula da kwamfutocin jama'a ba zai so ya koma tsohon kanel don aikin mutum ɗaya ba.

Ɗaya ɓangaren, manyan da suka fi kowa asarar RAM sun duba abin sun bi wata hanyar. Google ya bayyana a 2019 cewa shi matse shafuka masu sanyi yake yi ya bar su a RAM ɗin kwamfutar da kanta, da zswap, kuma cikin dalilansa na ƙin kai su nesa akwai yaɗuwar mutuwa daga kwamfuta zuwa kwamfuta da wajabcin ɓoye bayanan. Meta a 2022 ya ce tsarinsa na TMO, mai tura shafuka masu sanyi zuwa matsattsen RAM ko SSD na gida, yana tsimin kashi 20 zuwa 32 cikin 100 na RAM. Microsoft kuma ya auna ya ga har kashi 25 cikin 100 na RAM a Azure, kwamfutocinsa na haya, yakan maƙale babu mai iya haya, saboda firosesocin kwamfutar sun riga sun ƙare. Maganin da ya karkata gare shi CXL ne, wata hanyar haɗi da ta fito a 2019, inda firosesa take taɓa RAM na waje kai tsaye bait 64-64, babu tuntuɓe babu kanel, a 'yan ɗaruruwan nanosakan. Wannan a takarda na san shi, ban riƙe shi a hannu ba, kuma sai sababbin kwamfutoci, ba zai hau naku ba.

In ni ne a kujerarka

Kafin komai zan buga dmidecode -t memory a kwamfutocin in ƙirga ramukan RAM da babu komai a ciki. Ka ce biyar suna zaune. In iri ɗaya ne kuma akwai ramuka, ka kashe ɗaya, ka zare sandunan RAM ɗinta ka soka wa wata, kana bin tsarin jerawar da littafin babban allon kwamfutar (motherboard) ya faɗa. Ka samu mai gigabait 128 cikin rabin awa da sukundireba, gudunta cikakke, babu tuntuɓe ko ɗaya. Mutane sukan yi dariya in na faɗi wannan, don ba shi da armashin bincike, amma garke mai kwamfuta 7, ɗaya a cikinsu ƙatuwa, ya fi 8 masu kai ɗaya amfani a ɗakin da ake aikin ƙwayoyin gado. Ka dai sanar da mai kula da kadarorin sashe a rubuce, kada ranar ƙidaya a neme ka.

In hakan bai yiwu ba, ka zauna da ɗalibar ku duba manhajar. ABySS, misali, wani mai harhaɗa jerin gado ne da tun fitowarsa a 2009 yana iya raba teburin nasa a kan kwamfutoci da yawa ta MPI, tsarin aika saƙo tsakanin kwamfutoci masu aiki tare, kowacce ta riƙe kasonta ta yi aiki a kansa, InfiniBand ɗinku kuwa don irin wannan aka ƙera shi. Fitowarsa ta biyu kuma ta zo da hanyar da take rage cin RAM ƙwarai. Tura tambaya ƙarama wurin da bayanan suke ya fi jawo kilobait 4 don a karanta bait 8 a ciki. Sauya manhaja shawarar ɗalibar ce da malaminta, tunda yana taɓa sakamakon. Matsewa da zram ba shi da tsadar gwadawa, sai dai ban sa masa rai a nan ba, domin jerin gado da aka riga aka cusa harafi ɗaya a bit 2 ba ya matsuwa sosai. NVMe guda ɗaya na suwaf kuwa, in faifanku mai juyawa ne, shi kaɗai zai rage jiran kusan ninki 80.

In awon nan na brd ya nuna alheri kuma kana son aron, ba sai ka nemo kayan bincike ba, abin da ke cikin Linux ya isa. A kwamfutar mai bayarwa ka yi faifan ƙarya na gigabait 40 da brd, ka fitar da shi ta nvmet a kan RDMA. A mai karɓa ka haɗa da nvme connect, zai bayyana kamar NVMe na gida. Kada ka kunna suwaf a kansa kai tsaye. Ka haɗa shi da wani yanki na SSD ɗin gida su zama madubin juna da mdadm, ka yi wa na gidan alamar write-mostly don a riƙa karantawa daga na nesa, shi kuma na gidan ya zauna a matsayin kwafi. Ka rage wa'adin jiran nan na minti 10 zuwa 'yan sakanni, yadda in maƙwabciya ta faɗi madubin zai saki hannunta da wuri, aikin ya ci gaba da ɗingishi a kan SSD. Ka sa vm.page-cluster a 0, ka gwada, ka mai da shi 3, ka sake gwadawa. Wannan hanyar tana bin layin faifai na kanel, kuma tana ɗan taɓa firosesar mai bayarwa, saboda haka ka sa ran mikirosakan gomomi a kowane tuntuɓe, ba 4 ba.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa: gigabait 40 ɗin nan sun fita daga hannun mai bayarwa. In kuna amfani da Slurm ko wani mai rabon ayyuka, ka rage adadin RAM ɗin da aka rubuta mata zuwa 20 da 'yan kai, in ba haka ba zai turo mata aikin gigabait 60, ita ma ta cika, ka tashi da marasa lafiya biyu. Ka manna takarda a jikinta, ka kuma sa saƙo a allon shiga cewa akwai kayan wani a ciki, kada a sake kunna ta.

In ka yi gwajin gigabait 40 ɗin, turo mini lokutan biyu, da abin da vmstat ya nuna na minti 10 a lokacin da aikin ya fi tsanani, da sunan manhajar da ɗalibar take amfani da ita, sai mu duba tare.